Gilashin Tsohuwar Kamara Bai Mutu Ba

A wannan wata ina so in ja hankalinku kan wata dukiya da take kwance cikin akwatuna da ƙarƙashin gadaje a garuruwanmu, alhali masu ita sun ɗauka tarkace ce. Ina nufin tsofaffin kamarorin ɗaukar hoto na zamanin fim, irin su Zenit da Yashica da Praktica da Pentax da Minolta. Duk gidan da aka taɓa yin mai hoto, ko ma'aikaci mai sha'awar abin, ko ɗalibin da ya yi karatu a ƙasashen waje, in an bincika da wuya a rasa guda. In ka tambaya sai a ce maka ai ta daɗe da mutuwa, ko kuwa a ce ina za a samo fim yanzu. To, da yawansu sun mutu ɗin, ban musa ba. Amma fa kamara irin wannan abu biyu ne aka haɗa: akwai gangar jiki, akwai kuma gilashin da ake ɗaura mata a goshi, wanda masu hotonmu suke kira objektif. Gangar ita ce mai saurin mutuwa, domin cike take da ƙananan ƙarafa masu motsi. Shi kuwa gilashin ba ya shan batir, ba shi da waya ko ɗaya, ƙarfe ne da ƙwayoyin gilashi da ɗan giris. In bai faɗi ba, ruwa bai shige shi ba, sai ya shekara 50 yana gani kamar ranar da aka ƙera shi. Shekara 6 ke nan ina ɗaukar hoto da irin waɗannan gilasai a kan kamarar dijital, a nan Damagaram, kuma abin da na gani a cikinsu shi zan faɗa muku, mai daɗi da marar daɗi.

Waɗanda suka manyanta za su tuna yadda sana'ar hoton fim ta yi ta ja da baya. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100, ga shi fim da takardar hoto da ruwan wanki duk daga waje ake kawo su. Shagunan hoto ba su gama farfaɗowa ba sai ga kamarar dijital, a bayanta kuma ga wayar salula. Su kansu manyan kamfanonin abin bai bar su ba. A 2005 Kyocera ya daina ƙera Yashica da Contax, a 2006 Konica Minolta ya bar sana'ar ya miƙa wa Sony abin da ya rage, a 2012 kuma Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Har yanzu ana yin fim a duniya, sai dai ya zama kayan masu sha'awa da kuɗi. Ta haka kamarorin suka shiga akwati, gilasansu a goshinsu.

Abin da ya sa za a iya tayar da gilasan abu ne mai sauƙin ganewa. Kowa ya taɓa ganin yara sun sami ƙwayar tabarau suna tara hasken rana da ita a kan takarda har ta kama wuta. Yaro yakan yi ta ɗagawa yana saukewa sai ya sami daidai tazarar da hasken zai dunƙule wuri ɗaya. In ya matsa kaɗan ko ya ja kaɗan, hasken ya baje. Haka gilashin kamara yake. Tun daga masana'anta an auna shi ya zauna a wata tazara takamaimai daga fim, kuma kowane kamfani da tasa tazarar da irin nasa bakin. Gilasan Zenit da Praktica da Pentax na farko bakinsu mai murɗi ne kamar noti, faɗinsa milimita 42, shi ya sa ake kiransa M42, tazararsa kuwa milimita 45.46. Ta Nikon 46.5 ce, ta Olympus 46, ta Yashica na baya-baya 45.5, ta Minolta 43.5, ta tsohon bakin Canon mai suna FD kuwa 42. Dalilin wannan tazara mai yawa shi ne, a cikin waɗancan kamarori akwai wani madubi a karkace tsakanin gilashi da fim, shi yake tura hoton sama zuwa idon mai ɗauka, in an danna sai ya yi tsalle ya ba haske hanya. Dole a bar masa filin tsalle.

Daga 2008, da Panasonic ya fito da kamararsa G1, aka fara ƙera kamarorin dijital marasa wannan madubi waɗanda ake iya sauya musu gilashi. Sony ya biyo a 2010, Fujifilm a 2012, Nikon da Canon kuma suka fito da bakunansu na Z da RF a 2018. Tun da ba madubi, sai aka matso da baki kusa da ɗan allon nan mai kama haske da ya maye gurbin fim: a Sony tazarar milimita 18 ce kawai, a Fujifilm 17.7, a Nikon Z 16, a Canon RF 20. To ka ga an sami fili ke nan. In ka ɗauki gilashin da yake son 45.46 ka kawo shi gaban kamarar da ta ba da 18, abin da ya rage maka shi ne ka cike giɓin milimita 27.46. Wannan shi ne dukkan aikin adafta. Zobe ne na ƙarfe, rami fayau a cikinsa, ba gilashi ba waya. Gefe ɗaya ya dace da bakin tsohon gilashi, ɗaya gefen ya dace da bakin sabuwar kamara. Ranar da na fara riƙe shi sai da na leƙa ta cikinsa ina neman inda dabarar take, ban ga komai ba sai bangon ɗaki.

Sai dai ba kowane zobe ne zai yi ba. Tsayinsa shi ne ransa. In ya gaza da ɗan kaɗan ba laifi, gilashin zai kai nesa har ya ɗan wuce; amma in ya zarce ko da rabin milimita ne, to abin da yake can nesa ba zai fito garau ba, komai murɗin da ka yi. Gwajin da nake yi wa kowane sabon zobe shi ne in fita waje in auna dogon ƙarfen kamfanin waya da yake ƙarshen unguwa, in murɗa gilashin zuwa alamar iyaka, mai kama da 8 a kwance. In ƙarfen ya fito da layukansa, zobe ya ci jarrabawa. Akwai kuma wata ƴar ƙusa a bayan gilasan M42 da yawa, wadda tsohuwar kamara takan danna lokacin ɗauka domin ƙofar haske ta tsuke. Wasu gilasan suna da ɗan maɓalli mai A da M, sai ka tura shi M ka huta. Waɗanda ba su da shi, kamar Helios-44M-4, sai da zobe mai leɓe a ciki wanda zai danne ƙusar, in ba haka ba ƙofar za ta zauna a wangame. Yawancin zobban nan daga Sin ake kawo su, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ni ta hannun ƴan kasuwa masu zuwa Kano nake saƙon nawa.

Na san da yawa cikin samarinmu masu hoton biki kamarar da ke hannunsu mai madubi ce, Canon ko Nikon ta hannu. Su lissafinsu daban ne. Canon mai bakin EF tazararta 44 ce, saboda haka tana karɓar M42 da Yashica da Olympus da Nikon ta hanyar siririn zobe, amma ba ta karɓar Minolta, ba ta ma karɓar ɗan gidansu FD, wanda aka bari a baya sa'ad da kamfanin ya sauya baki a 1987. Nikon kuwa, da yake tazararta ta fi ta kusan kowa, ba ta da filin da za ta ba baƙo. Akan sayar da zobe mai ƙwayar gilashi a ciki don gyara wannan, amma ƙwayar mai arha ce, tana rage kaifin hoto, ni ban ga amfanin ɗora gilashi mai kyau a kan marar kyau ba. Mai Nikon ya nemi tsofaffin gilasan Nikon ɗin, domin bakin F ɗaya ne tun 1959, suna shiga ba zobe. Na kafin 1977 ne ake hattara da su, don sukan lanƙwasa wani ɗan kunne a jikin wasu kamarorin.

Gilashin da na fi ɗauka da shi na gida ne. Kawuna yana cikin ɗaliban da suka yi karatu a Tarayyar Sobiyat, ya dawo a 1979 da Zenit-E a rataye, kuma hotunan suna da na aure na gidanmu na shekara 10 da suka biyo duk da ita aka yi su. Ita tsufa ya kwantar da ita tuntuni. A goshinta akwai Helios-44-2, mai tsawon gani milimita 58, ƙofarsa tana buɗewa har f/2. Lambar da aka zana a bakinsa ta fara da 76, kuma a yawancin gilasan Sobiyat lambobi biyun farko shekarar ƙira ce. Asalin zubinsa ba na Rasha ba ne. Kwaikwayon Biotar ne na kamfanin Carl Zeiss da ke garin Jena a Jamus, wanda Sobiyat suka kwashe injunansa da zane-zanensa bayan Yaƙin Duniya na Biyu a matsayin diyya. Daga 1958 suka shiga ƙera Helios-44, a Krasnogorsk kusa da Mosko, daga baya a Minsk da Valdai, miliyoyi a kan miliyoyi, shi ya sa ya kai ko'ina a duniya har ƙarƙashin gadon kawuna.

Me zai sa mutum ya wahalar da kansa da shi alhali kamara ta zo da nata gilashin mai saita kansa? Haske ne. Gilashin da akan sayar tare da kamara, mai 18 zuwa 55 ko 16 zuwa 50, in ka jawo shi ƙarshe ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Daga 5.6 zuwa 4, zuwa 2.8, zuwa 2, kowane mataki ninki biyu ne na haske. Wato Helios a buɗe yana shigar da haske ninki 8. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto cikin zaure ko ɗakin mai jego, inda taga ɗaya ce ƙarama kuma an ɗauke wuta, ya san ma'anar ninki 8. Ba sai ka harba wa jariri ɗan kwana bakwai filashi a ido ba. Sabon gilashi mai buɗewa haka akwai shi, amma kuɗinsa ya fi na tsohon da zobensa nesa ba kusa ba.

Sai kuma yadda yake zana fuska, a nan kam ra'ayina ne, wani yana iya saɓa mini. Babbar matsalar mai hoto a ƙasar nan ita ce baƙar fuska a saman farar shadda cikin rana mai ƙarfi: in ka bi shaddar fuska ta nutse, in ka bi fuskar shadda ta ƙone, aikin wuyan riga ya ɓace. Sababbin gilasai suna da zafin raba baƙi da fari. Tsofaffin, musamman waɗanda shafen da ke kan ƙwayarsu falle ɗaya ne, sukan ɗan zuba haske cikin inuwa, sai fuska ta fito da laushi, kana ganin tsagen kunci da furfurar gemu, ba tare da an yi mata bilicin irin na wayar salula ba. Sannan in ka buɗe ƙofar Helios ka tsayar da mutum gaban dogon yaro, ganyen da ke bayansa yakan narke ya yi kamar yana kewaya shi, kamar an juya fura da ludayi. A wurin injiniyoyi wannan aibi ne da ba a gama gyarawa ba, a wurin masu hoto kuwa shi ake nema. Da shi na ɗauki innata zaune a kan tabarma tana tsinke zogale, hoton yana rataye yanzu a ɗakunan ƴaƴanta uku.

Wani abu da ya kamata a sani kafin a ɗaura: hoton fim faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24, ya ninka allon yawancin kamarorin da muke iya saye sau ɗaya da rabi. Saboda haka tsakiyar hoton kawai allon yake kamawa, ya zubar da gefe. Gilashi mai 58 sai ya koma yana gani kamar mai 87, mai 50 kamar 75, mai 28 kamar 42. Ga hoton mutum ɗaya wannan alheri ne, domin irin tsawon da ake so ke nan, kuma gefen da aka zubar dama can ne raunin tsohon gilashi yake. Ga hoton taro cikin ƙaramin tsakar gida kuwa, za ka yi ta ja da baya har ka jingina da katanga, rabin dangin ango ba su shiga ba. Mai allo cikakke, irin na Sony A7 da ta fito a 2013, shi ba ruwansa da wannan.

Aiki da shi sai an koya wa hannu. Da farko kamara ba ta ma san an ɗaura mata komai ba, tun da ba wayar da za ta gaya mata, saboda haka sai ka shiga tsare-tsarenta ka ba ta izinin ɗauka ba gilashi, in ba haka ba ko ka danna ba za ta motsa ba. Ka sa ta a harafin A, kai ka zaɓi ƙofa da hannunka a jikin gilashi, ita ta zaɓi saurin ɗauka. In mai hana rawar hannu ce a jikinta, sai ka rubuta mata tsawon gilashin da kanka. Saura saiti. Kamarorin nan suna ba da taimako iri biyu: suna iya shafa launi, ja ko rawaya, a gefen duk abin da ya yi kaifi, suna kuma iya kumbura wani yanki na hoton har ka ga gashin ido ɗaya-ɗaya. Na biyun na fi amincewa da shi. Domin a f/2, in mutum yana mita 2 daga gare ka, kaurin wurin da zai fito garau bai wuce santimita 10 ba, a mita 1 kuwa bai kai santimita 3 ba. In ka saita kan hanci, ido ya tafi.

Kada wannan ya tsorata kowa. Kamara mai saita kanta ba ta shigo kasuwa ba sai 1977, da Konica C35 AF, kuma ba ta zama ruwan dare ba sai bayan Minolta 7000 ta 1985. Ke nan hotunan dare na Yamai da Philippe Koudjina ya ɗauka a shekarun 1960, da na samarin Bamako masu rawa da Malick Sidibé ya ɗauka, duk da yatsa aka saita su, cikin duhu, mutane suna tsalle. Wata dabara ta masu hoton wancan zamani wani dattijo ne ya fahimtar da ni, wanda ya riƙe shagon hoto a Zango shekara da shekaru kafin ido ya tilasta masa rufewa. Na kai masa kamarata ɗaure da gilashin Yashica mai 50 da na saya a hannunsa, don ya ga kayansa ya sami sabon gida. Ya juya ta, ya matso da allon bayanta kusa da fuskarsa, ya ce, "Ɗana, wannan jan abin da yake rawa a ciki fa?" Na ce, "Baba, shi yake nuna inda hoto ya yi kaifi." Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Mu ƙusa muka buga a daɓe. Mai hoto ya tsaya a kan ƙusa, mai son hoto ya tsaya gaban labule, mita 3 ke nan. Ƙofa a 8, filashi ya ƙarasa aiki. In na fita biki, ƙusar tana cikin kaina." Da na koma gida na lissafa, sai na ga a kan fim, gilashi mai 50 a f/8 da aka saita mita 3 yana kama komai garau daga wajen mita 2.3 har zuwa mita 4 da ɗoriya. Ƙananan lambobin nan da aka zana hagu da dama a gadon bayan tsohon gilashi, waɗanda yawancin sababbi suka daina zuwa da su, wannan lissafin suke nunawa. A ƙaramin allo zangon yakan ɗan tsuke, sai ka ƙara rufe ƙofa mataki ɗaya. Yanzu in zan shiga taro da rana nakan ɗaura mai 28, in sa shi f/8 da mita 3, in daina taɓa shi. Daga mita 2 har mita 7 duk nawa ne.

Amma kada in yi muku tallan da ya wuce kaya. Akwai masu cewa tsohon gilashi ya fi sabo, wannan zuƙi-ta-malle ce. Sabo ya fi kaifi daga tsakiya har kusurwa, ya kuma fi jure rana. In ka fuskanci hasken yamma da gilashin da aka yi kafin shafe mai falle-falle ya yaɗu, wanda Pentax ya fito da nasa a 1971, sai hoton ya yi fari kamar an ɗauke shi cikin hazo, sai ka sa masa rumfa ko ka kare da tafin hannu. Yawancinsu ba sa jawowa ba sa turawa, ƙafarka ce za ta yi. Uwa uba, duk abin da yake gudu ya fi yatsa sauri. A filin kokawa, daidai lokacin da aka ɗaga mutum za a kayar, ko ranar hawan salla sa'ad da dawakai suka sako a guje zuwa ƙofar fada, ba na wasa da Helios. Haka nan in aikin kuɗi ne. Amarya ba za ta sake fitowa daga gidan ubanta don saitinka ya kauce ba, kuma wanda ya biya ka ba ruwansa da tarihin Jena. Irin wannan lokaci gilashin roba mai saita kansa nake ɗaurawa, in an natsu an zauna sannan in fito da na ƙarfe.

Wanda ya yi niyyar saye ya tafi da fitilar wayarsa, da zobensa a aljihu. Ka buɗe ƙofar gaba ɗaya, ka haska ta baya, ka leƙa ta gaba. Ƴar ƙura a ciki ba ta hana komai, babu tsohon gilashin da ba shi da ita. Abin gudu shi ne farin zare-zare mai kama da saƙar gizo, wato fumfuna, wadda in ta daɗe takan ci shafen ƙwayar har ta bar tabo. Gilasan da suka zauna a nan wajenmu da wuya su yi ta, saboda bushewar iska. Waɗanda suka biyo ta Kwatano da Lome da Legas cikin kayan gwanjo su ake bincikawa da kyau. Namu ciwonsu zafi ne. Giris yakan bushe har murɗi ya yi tauri, ko ya narke ya malalo kan ganyen ƙarfen da ke tsuke ƙofa, su manne. Ka juya zoben ƙofar ka ga ko ganyen suna rufewa da sauri, busassu, ba ƙyallin mai. Duka biyun suna gyaruwa. Wani mai gyaran agogo mai haƙuri ya wanke mini ganyen gilasai biyu.

In gilashi ya zo hannunka kada ka goge shi da bakin riga. Ƙurarmu yashi ce, tana kankare shafe kamar sanfefa. A fara hure ta da ƴar robar hura iska, sannan a shafa da tsumma mai laushi. Kada a bar shi cikin mota ko ƙarƙashin sirdin babur da rana. Da damina a fitar da shi daga jakar fata a ajiye inda iska da haske suke. Lokacin hunturu kuma, tun da kamara marar madubi allonta a buɗe yake da zarar an cire gilashi, ni cikin ɗaki nake sauyawa, bakin kamara yana kallon ƙasa.

Akwai wani abin mamaki da za ka iya cin karo da shi. Wasu gilasan Japan na shekarun 1960 da farkon 1970, mafi shahara Super-Takumar mai 50 f/1.4 na Pentax, in ka leƙa sai ka ga sun yi rawaya kamar ruwan shayi. Ba datti ba ne. An zuba wani ma'adini mai suna toriyom cikin narkakken gilashin don ya ƙara masa ƙarfin lanƙwasa haske, shi kuwa yana fitar da ɗan tururin nukiliya wanda a hankali yake rina ƙwayar. Abin da yake fitarwa kaɗan ne, ɗaukar hoto da shi ba abin tsoro ba ne, amma ba a fasa shi, ba a kuma ba yara ƙwayarsa su kara a ido. Maganin rawayar kuwa hasken rana ne. In an ajiye shi a taga na wasu makonni sai ta washe. Sai dai da irin tamu ranar a kauce wa tsakar yini, kada garin neman gira a rasa ido, giris ya narke ya ɓata ciki.

Farashin waɗannan kaya a Turai da Amurka ya tashi tun da kamarori marasa madubi suka yaɗu, ya ƙara tashi da masu shirya fim suka gano su. Zoben ƙofar Helios-44-2 yana juyawa sumul ba ƙas-ƙas, abin da mai bidiyo yake so ke nan, har an yi aiki da shi a wasu wurare cikin fim ɗin The Batman na 2022. A nan kuwa har yanzu za ka ga yaro ya ciro ƙwayar gaba yana wasa da ita, gangar an kai wa ƴan gwangwan an auna a kilo. Dattijon nan na Zango, ranar da na tambaye shi kuɗin gilashinsa, cewa ya yi in ba shi na goro. Na nuna masa a waya abin da ake sayar da irinsa a waje, muka yi ciniki a kan rabin haka, tun da ba a Faris muke ba. Magada da suke da irin wannan akwati su duba zoben gaba, sunan gilashi da tsawonsa da ƙofarsa duk a rubuce suke a nan, da harufan boko ko na Rasha. Wanda aka rubuta Гелиос shi ne Helios. A kwafe rubutun a nuna wa mai hoton unguwa, ko a bincika a intanet, kafin a kira mai kilo. Murafun gaba da na baya ma kada a yar, ni kaina na fi shan wuyar samun murfi bisa ga gilashi.